Ƙurjin Fatar Ido

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara da hidimar shago. Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban da ke kai miki kaya. Baban Takwara ya buga wayata da bango, har batirin sai da ya shige ƙarƙashin gado.

Maganar takwararki ce. Kin tuna 'yan ƙurajen da kika gani a hammatarta lokacin da kika zo, kika ce zafi ne? Ba su tafi ba. Ƙanana ne, suna sheƙi, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Ba zazzaɓi, ba ciwo, tana cin abincinta tana tsalle-tsallenta kamar kowace 'yar shekara uku. Na kai ta asibiti, likita ta duba ta ce yara da yawa suna yin irinsu, kada a matse, kada a yanka, za su tafi da kansu ko da za su kai shekara. Na tambaye ta daga ina suka zo, ta ce wannan ba za ta iya rantsuwa a kai ba.

Da na gaya wa Baban Takwara dariya ya yi. Ya ce tun kafin a haifi likitar yake riƙe da reza a shagon aski, bai taɓa ganin abin da ya tsiro a fata ya gagari ƙarfe ba. Ranar da ba ya buɗe shago ya ɗora yarinyar a kujerar aski, ya ɗaga kujerar sama, ya ce in riƙe ƙafafunta. Yaya, na riƙe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fille su, tana ihu har muryarta ta dishe, tawul ɗin da ya ɗaura mata a wuya ya rine ja. Bayan 'yan makonni sai ga su sun fito a jere, daidai inda rezar ta bi, sun haura har wuya. Ya sake. Suka sake fitowa.

Yanzu ya ce mai renon da nake kai ta wajenta ce ta shafa mata. Ya je gidan matar ya ɓalle ƙofa da ƙafa, ya mare ta a gaban yaran mutane har ɗan kunnenta ya tsaga kunnen. Da na ce bai kyauta ba, wayata ta biya.

Abin da ya sa na rubuto, wani ya fito mata a fatar idon hagu, dab da gashin ido. Jiya na ga ya riƙe haɓarta yana juya fuskarta wajen haske. Tsoro nake ji, Yaya. Ki gaya min yadda zan yi.

Ƙanwarki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Gaisuwar ta isa haka, ba ni da bakin doguwar gaisuwa yau.

Sau biyu na karanta takardarki, kuma duk a wuri ɗaya nake tsayawa. Kin riƙe? Ke da hannunki? Ke da kike rufe ido in ana yanka kaza? Wallahi da kina gabana da sai na fara da ke kafin in kai kan wancan mai askin. Tun ranar da ya zo gaishe mu ya zauna yana kallon sajen mijina yana cewa layin bai miƙe ba, na san akwai sauran aiki. Mutumin da ba ya iya ganin gashi ɗaya ya tsaya a karkace, ina zai iya zama da ƙurji shekara guda?

Ki saurare ni. Wuya yana warkewa, hammata tana warkewa. Ido ba a sayar da shi a shagona, ba a sayar da shi a shagon kowa. Yarinya ce, za ta fizge kai, kuma ko mutum goma suka danne ta sai ta ƙifta. Direban nan zai dawo ta wajenku. Ki sa mata takalmi kamar za ku je sayen sabulu, ki miƙa masa ita, matarsa tana gaban mota za ta riƙe ta. Ba sai kin haɗa kaya ba, ina da rigunan da 'yan'uwanta suka girme. Ke ma in kina da hankali ki hau.

Kuma ki je ki ba mai renon nan haƙuri. Baiwar Allah tana goge wa 'ya'yanku majina, ladanta kenan.

Ina kuka nake rubuta wannan, kada ki ga zagin ki ɗauka ban damu ba. Allah ya tsare min ku.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina lafiya tare da maigida da yara. Ni ne Baban Takwara. Na ga takardarki a cikin jakar ƙanwarki, na karanta, kuma na gode da irin yabon da aka yi min.

Ina so in yi miki bayani, domin ke babba ce. Kin ɗauka ina jin daɗin kukan 'yata? Ranar farko da na gama, sai da na shiga bayan shago na yi amai. Amma ke ba kya nan. Ba ki ga yadda yaran layi suke gudu in ta fito wasa ba. Ba ki ga ranar da ta shigo shago ta tsaya gaban madubi tana taɓa wuyanta, ta ce Baba, cire min ba. Wani ya kawo 'ya'yansa aski, ya kalli wuyanta, ya kalli injin askina, ya kwashe yaransa ya fita ko sallama babu. Yanzu ana cewa a shagona ake ɗaukar cuta. Ni da nake tafasa tawul, nake buɗe sabuwar reza a gaban kowane mutum.

Likita ta ce a jira. Ita ba 'yarta ba ce, tana iya jira. Na tambaya mene ne, babu amsa. Na tambaya yaushe za su tafi, babu amsa. To ni ban iya zama ina kallon abu yana cin fuskar 'yata ana ce min in yi haƙuri ba. Waɗanda suka dawo, laifina ne, ban kai ga saiwarsu ba. Wannan karon zan kai.

Hannuna bai taɓa rawa ba. Nakan gyara girar ango da reza ba tare da ya ji komai ba. Na fatar ido ƙaramin aiki ne in an riƙe kan da kyau, kuma uwarta za ta riƙe.

Ina roƙon ki da girman Allah ki daina aiko da direba ƙofar gidana. Na riga na yi masa magana da yaren da zai gane. Na gode, a gaida gida.

Ƙaninki, Baban Takwara.

*

Yaya,

Sallama. Ga Takwara nan. Ki yi haƙuri da rubutun, da ƙyar nake riƙe biron, kuma matar direba tana tsaye a kaina tana jira. Mijinta bai shigo layin ba, har yanzu leɓensa a kumbure yake.

Da safe Baban Takwara ya kulle mu a shagon ta ciki, ya zare mukullin ya sa a aljihu. Ya kunna fitilar da ke saman madubi, ya shimfiɗa auduga, ya ɓare reza sabuwa. Yarinyar tana ganin kujerar ta saki fitsari. Ya ɗaure ta da tawul biyu a jikin kujerar, ya ce min, "Zo ki riƙe kan. Ki danne goshin sosai."

Na je na riƙe. Goshinta ya jiƙe da gumi, tana kallona daga ƙasa, ba ta ma ihu, bakinta kawai ke rawa. Ya sa babban yatsa ya ja fatar idon, ya kawo rezar. Ni ban san lokacin da na ɗora tafina a kan idonta ba. Rezar ta bi ta bayan hannuna, na ga farin abu kafin jini ya rufe shi.

Ya ce, "Cire hannunki."

Na ce, "Ba zan cire ba."

Ya kai min gwiwar hannu a baki, haƙorina na gaba ya tafi. Ya kama gashina ya buga kaina da madubi, madubin ya tsage daga sama har ƙasa. Na faɗi. Da na ɗago sai na ga ya koma kanta, ya dafa hannun kujera da hannunsa na dama yana laluben rezar da ta faɗi a cinyarta. Tukunyar ƙarfen da yake tafasa tawul tana kusa da ni. Na ɗauke ta da hannu biyu na sauke masa a kan yatsun. Ban tsaya a ɗaya ba, Yaya. Ina jin ƙarar ƙashi ina ƙarawa, har sai da maƙwabta suka karya ƙofa suka riƙe ni.

Shi yana asibiti. Ni an yi min ɗinki, 'yan sanda sun ce kada in bar gari. Mai renon nan, wadda ya tsaga wa kunne, ita ta ɗauke yarinyar daga cikin taron ta ɓoye ta a ɗakinta har matar direba ta zo.

Jinin da za ki gani a rigarta nawa ne. Ki duba min idon da kanki, ni ban iya kallo ba. Ba ta shan ruwa in ba a kofi mai hannu ba. Ki yafe min waɗancan ranakun da na riƙe.

Auta.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Wani majinyaci ne yake rubuta min. Likitan ƙashi ya ce yatsu uku ba za su ƙara lanƙwasawa ba. Ƙanwarki ta kashe min sana'a, na bar ta da Allah da hukuma.

'Yata nake so. Ni ne ubanta, kuma ba ki da hurumin riƙe ta. Ki dawo min da ita, ko ki gaya min halin da take ciki. Babu wanda ya yarda ya faɗa min ko rezar ta taɓa ta. Don Allah, Yaya.

Baban Takwara.

*

Baban Takwara,

Na amsa gaisuwa. Allah ya ba ka lafiya.

Idonta biyu lafiya lau, da su take harara ta in na hana ta alewa. Ƙurjin yana nan inda ka bar shi, wani ma ya fito a haɓa. Kullum in ta kai hannu ina riƙe hannun in gaya mata abin da likita ta ce. Ba za ta dawo ba sai na ƙarshe ya tafi, ko shekara nawa zai ɗauka. In kotu kake so, ka same ni a can, zan zo da rigar.

Ta tambaye ka yau da safe. Na ce mata hannunka ne ke ciwo. Sai ta ce in gaya maka kada ka taɓa, ka bar shi zai warke da kansa.

Na isar da saƙo. Ka huta lafiya.

Yaya.