Matar da Ba Wanda Ya Zo Nema

Maska, ranar Talata

Jikata Naja'atu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Mero ce ke rubuta mini, idon ya ƙi. Mun kai masara gida lafiya, alhamdulillahi.

Bayan haka, a gidan suna na ji wai karatun likitan naku har da yanka gawa. Shekara arba'in ina wanke matan garin nan, ko farcena bai taɓa karce mamaciya ba. Kin san tun kina riƙe mini buta na ce ke za ki wanke ni in ta Allah ta kasance. To, in maganar nan gaskiya ce, na fasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ga ƙuliƙulinki nan, kada ki rame mini.

Ki huta lafiya.
Kakarki, Hajo

*

Zariya, ranar Asabar

Kaka,

Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya idon?

Gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba haka kawai ake yi ba, akwai doka. Makaranta ba ta karɓar gawa sai da izinin hukuma, kuma wadda muke karatu da ita ta daɗe a asibiti ana cigiyar dangi, ba wanda ya zo. In an gama, dole a binne ta cikin mutunci. Dattijuwa ce, har ƙafarta da kaushi irin na masu zuwa gona. Ranar farko na yi kuka. Kullum sai na yi mata sallama, in lulluɓe duk inda ba ma dubawa, yadda kika koya mini. Da ita nake sanin cikin mai rai, don kada in cuce shi.

Kaka, fasawar nan ta fi mini komai ciwo.

Allah Ya ƙara miki lafiya.
Taki, Naja'atu

*

Maska, ranar Alhamis

'Yar nan,

Gaisuwa. Sau uku na sa Mero ta karanta mini. Ashe baiwar Allah ba ta da kowa sai ke.

Ƙullin nan likkafanin da na ajiye wa kaina ne. Ranar da za a binne ta, ki roƙi malaminku ki sa mata da hannunki. Nawa kuma kya nemo wani, tunda ke za ki wanke ni.

Allah Ya yi miki albarka.
Hajo