Dutsen da Dahab ya dawo min da shi

Daren Laraba, Gadarif.

Barci ya ƙi zuwa. Kwana tara ke nan ina sharar hoshi, wato tsakar gida, a gidan Dakta, kuma yau na yi ƙarya.

Mu a garinmu Mafaza in kare ya matso sai ka jefa dutse, ya gudu, halas, shi ke nan. To Dahab, karen Dakta, wai shi irin karnukan farauta ne da ake ce wa Labrado, ba haka yake ba. Ina alwalar la'asar ya nufo ni, harshe a waje. Na jefa dutse don kada ya lashe min buta. Sai ya bi dutsen da gudu, ya ɗauko a baki, ya aje gabana yana kaɗa wutsiya. Na sake jefawa, ya sake kawowa. Wallahi na ɗauka raini ne. Na huɗu sai na zaɓi babba, na auna shi sosai. Ya tare da baki. Na ji ƙas.

Hajja Amna mai girki ta ga jini ta ce, "Ya waladi, me ya karya mishi haƙori? Da bakin nan yake ɗauko wa Dakta agwagwa cikin kogin Rahad in ya harbo!"

Na ce ban sani ba.

Ɗazu Dahab ya zo ya aje abu a ƙarƙashin angarib ɗina, gadon igiyar da nake kwana a kai. Dutsen ne, da jini a jiki. Har yanzu yana zaune yana jira in jefa.

Da asuba zan kai wa Dakta dutsen da hannuna.