Wutsiyar Sa a Ƙofar Rumfar Baba

Dutse,
Litinin, 6 ga Mayu.

Zuwa ga ƙanena Nata'ala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ruwaida da yara. Yaya Kiyawa, yaya fama da zafi? Inna tana nan da sauƙi, ƙafar ce dai take matsa mata, kuma kullum sai ta tambaye ka.

"Yaya, muddin sunan Baba yana jikin ledar nan, ba abin da zai shiga cikinta sai naman da zan iya ba Inna da hannuna." Maganarka ce, a zauren gidanmu, ranar da muka bar maka rumfar kilishi da sunan Malam Ɗayyabu a kanta. Na rubuto maka ita ne don ka gan ta da idonka, tunda a waya ba ka bari in kai ƙarshen zance.

Ranar Asabar na je duba Baba Kolo. Ka ce min tsufa ne ya sa ya bar aiki, na kuma yarda, don mutumin da ya shekara arba'in yana yanyana wa Baba nama falle-falle ya cancanci hutu. Na same shi kwance, ya rame ƙwarai. Na miƙa masa leda biyu ta kilishinka a matsayin dubiya. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa min albarka, sannan ya tura su ƙarƙashin tabarma. Jikokinsa suka kewaye shi suna roƙo, ya hana su. Baba Kolo fa, wanda yake cika mana aljihu da guntaye a bayan idon Baba. Da zan tafi, matarsa Iya Kellu ta raka ni har bakin titi, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta faɗa min abin da mijinta ya ƙi faɗa saboda kunyar kabarin ubanmu.

Ta ce shekara guda ke nan nama yake zuwa maka a buhu, ba ƙashi, ba kai, ba fata. Ta ce tun ranar farko da ya ɗora wuƙa ya gane, don naman ya yi duhu, kitsen rawaya ne, yana narkewa a tafin hannu. Tsofaffin dawakai ne da guragu, ana yanka su a wani kango bayan duwatsu, inda likitan dabbobi bai taɓa sa ƙafa ba. Ya yi maka magana sau uku. A na ukun ka ce masa zamaninsa ya wuce, sai ya goge wuƙarsa ya koma gida.

Abin da ya fi ƙona min rai wutsiyar ce. Ka san dalilin da ya sa Baba yake rataya wutsiyar san da ya yanka a ƙofar rumfa kowace safiya: don mai wucewa ya ga abin da ke kan shanya ba sai ya tambaya ba. Ashe kai ma ba ka fasa ba. Kullum kana aikawa kwata a sayo maka wutsiya ɗaya, ka rataya. Duk cikin san, wutsiya kaɗai ce take zuwa rumfarka. Ni kuwa duk zuwan da na yi ina kallonta ina jin daɗi, ina cewa ƙanena ya riƙe al'adar gida.

Na san me za ka ce, don haka bari in hutar da kai. Za ka ce malamai sun yi saɓani a kan naman doki. Na karanta, na sani, tun kafin ka iya riƙe wuƙa: a mazhabar da muka tashi a kai ba a cin sa, wasu kuma sun halatta. To in ka gamsu da halaccinsa, rubuta "doki" a jikin ledar, ka rataya wutsiyarsa, mai so ya saya. Amma ba malamin da ya halatta maka rubuta "naman sa zalla" a ƙarƙashin sunan mamaci.

Ni ce na riƙa ɗaukar ledojin nan zuwa makarantar da nake koyarwa. Malaman da suka saya ba kai suka sani ba, ni suka sani. Kowace Juma'a kuma ni nake daka wa Inna kilishin a turmi, saboda haƙoranta. Ta sha cewa kilishin bana ya yi zaƙi-zaƙi, ko ka ƙara sukari ne a labun da ake tsoma naman a ciki. Na ce mata bakinta ne.

Ka zo mu yi magana. Ka gaida Ruwaida da yara.

Yayarka,
Safiyatu.

Dutse,
Juma'a, 17 ga Mayu.

Nata'ala,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya haƙurin Baba Kolo? Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. An ce an gan ka jiya a maƙabarta, har ka kama makara. Ban san yadda hannunka ya iya ba.

Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi sau uku. Ka ce shanu sun yi tsada, ka ce ba kai kaɗai kake yi ba, ka ce ba wanda ya mutu. A cikin minti bakwai ba ka ce ƙarya aka yi maka ba, ba ka kuma ce za ka daina ba. Ka rufe da cewa in rufa maka asiri saboda Inna. Tunda ka kawo sunanta, bari ka ji halin da take ciki.

Juma'ar da ta wuce na ce mata motar da take kawo kilishin ba ta zo daga Kiyawa ba. A wannan makon na je kwata da kaina, na tsaya aka yanko min cinyar sa a gabana. Na yanyana naman iya iyawata, na shanya a kan kwanon rufin ɗaki, na haɗa labu da tunkuza da kanumfari da masoro yadda na ga Baba yana yi. Kwana biyu ina kai. Yau bayan an sauko daga masallaci na daka, na kai mata. Ta ɗanɗana, ta juya shi a baki, ta ture kwanon a hankali. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Safiya, amma wannan ba hannun Malam ba ne. A jira na Nata'ala."

Ka ji abin da ka yi. Shekara hamsin tana cin kilishin mijinta, a shekara ɗaya ka sauya mata baki. Yanzu na gaskiyar ne baƙo a wurinta, naka kuwa shi take ci tana tuna shi. Na shiga kicin na rufe ƙofa don kada ta ji kukana. Ban taɓa zaton zan yi kewar Baba sabuwa fil bayan shekara tara ba.

Ba na so yaranka su tashi ana nuna su a kasuwa. Ni na goya ka, na san nauyinka a bayana. Amma kwana goma sha ɗaya ke nan ina yi wa tsohuwa ƙarya a madadinka, ina kuma haɗa ido da mutanen da na ciyar. Ba zan ƙara mako ba.

Ranar Laraba za a yi addu'ar bakwai ta Baba Kolo, Sarkin Fawa da duk mahautan garin za su hallara. Na ba ka zuwa la'asar ɗin Talata. Ka ƙona ledojin da ke ɗauke da sunan Baba, ka sauke wutsiyar nan, ka zo Dutse ka durƙusa gaban Inna ka faɗa mata da bakinka. In ka yi haka, zan zauna kusa da kai, zan kuma raka ka wurin Sarkin Fawa, a san yadda za a gyara.

In Talata ta wuce ban gan ka ba, da safiyar Laraba zan zaunar da Inna in gaya mata, kafin ta ji a bakin 'yan gaisuwa. Daga nan zan hau mota zuwa Kiyawa. Da an shafa addu'a zan aika a yi min sallama da Sarkin Fawa a zaure, Iya Kellu kuma ta ce za ta tsaya a gefena duk da takabarta. Ranar Alhamis zan bi malaman makarantarmu ɗaya bayan ɗaya, in nemi gafararsu.

Ka gaida Ruwaida, ka shafa min kan yara. Allah Ya shirye mu baki ɗaya.

Yayarka,
Safiyatu Ɗayyabu.