Ƙwaya Goma a Jiƙaƙƙen Tsumma

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba na Tafoki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗa ke yi wa uba yana durƙushe, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Damina biyu ke nan da muka kai ka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, mutanen shafina na intanet ne za su karanta, amma da kai nake, don maganar shanunka ce.

Baba, ina so in sayar da Ja da Baƙi, shanun huɗar da ka bari, in tafi Caina in koyi yarensu. Na faɗa tun farko don kada ka ce na zagaya. Ko jimla ɗaya ta Sinanci ban taɓa iyawa ba, shekarata talatin da uku, kuma in makarantar da na zaɓa ta zama ta 'yan damfara, shanun sun tafi ke nan, Inna ta koma hayar garma.

Ga abin da ya jawo. Ka san tun kana raye nake tara riɗin mutanenmu ina kai wa masu saye a Funtuwa. Bara wani ɗan Caina ya zo da tafintansa. Ya tsoma hannu a buhu, ya murza, ya tauna, ya yi magana mai tsawo yana gyaɗa kai yana murmushi. Tafinta ya juyo ya ce mini wai da ƙasa a ciki, a rage farashi. Riɗin da Inna da matan unguwa suka sheƙe har sau biyu. Ni dai na ga mutum ya yi zancen da ya kai huɗubar Juma'a, an mayar mini da kalma biyar. Haka na sallama. Har yau ban san wanda ya cuce mu ba tsakanin su biyun, kuma rashin sanin ya fi asarar ci mini rai.

Da na fara neman makaranta sai na tuna tsummanka. Ba ka taɓa shuka iri don an yabe shi ba. Ko a leda mai hoton zangarniya aka kawo shi, sai ka ƙirga ƙwaya goma, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka tura ƙarƙashin randar Inna, bayan kwana uku ka buɗe ka ƙirga masu tsiro. In ba su kai bakwai ba, ka mayar wa mai shi. Nakan ji kunya a kasuwa in ka ce wa mai shago, "Hoton ba shi za ni shuka ba, ɗan nan."

To na yi musu tsumma, Baba. Duk makarantar da ta kira ni, na ce a ba ni sunan ɗalibai goma da suka fara daga babu, irina, in ji su da kunnena.

Na farko wani ejan ne a Funtuwa, mai ofis sama da shagon markaɗe. Takardarsa har sheƙi take. Ya ce wata uku zan dawo ina ciniki da Sinanci, biza da ɗaki duk a hannunsa, in dai kawo kuɗi kafin sati ya fita don gurbi biyu ya rage. Gurbin nan biyu suna nan har yau, wata huɗu ke nan. Goma na nema, ya ba ni lamba biyu. Na kira na farkon, ya yi ta yabo. Na kira na biyun, ya yi yabon da kalmomi iri ɗaya, har da inda ake numfasawa. Kuma mutumin da aka ce yana Caina, ina jin injin markaɗe yana kuka a bayansa. Na gode masa na kashe waya.

Ta biyu makaranta ce ta gaske, a wani babban birni cike da 'yan kasuwarmu. Can na sami lambar Sani ɗan Alhaji Musa na Damari, wanda kuke sayen taki tare. Shekararsa biyu a ciki. Ya ce in taho, akwai tuwo, akwai masallaci, ba zan yi kewar gida ba. Na ce ya faɗa mini da Sinanci cewa riɗin nan ya bushe, babu ƙasa a ciki. Sai ya yi dariya ya ce ai a nan Turanci da waya sun wadatar. Sani bai yi mini ƙarya ba. Amma ban ga dalilin sayar da shanu in je in ci tuwo da Hausawa ba, tuwon Inna ya fi.

Ta uku ce ta dame ni. Jami'a ce a wani ƙaramin gari mai sanyi da ban taɓa jin sunansa ba. Wata malama ta amsa mini da doguwar wasiƙa, babu hoto ko ɗaya. Ta ce masu farawa daga babu ajinsu daban, kullum da safe, shekara cur, kuma bayan sati na farko malami ba ya Turanci. Ta ce a shekarar zan iya sayayya da tambayar hanya, amma cinikin kaya da jin abin da ake raɗawa a gefe sai na ƙara. Masallaci da nisa, abincin halal shago ɗaya ne na wasu Musulmi masu taliya. Ta turo sunaye goma, ta ce uku daga ciki sun gudu kafin ƙarshe, in kira su su ma.

Na kira su duka. Ɗaya daga masu gudun ya ce sanyi ne ya kore shi, ɗaya ya ce rubutun ne, mai kama da sawun kaji a tsakar gida. Sauran na sa su yi mini magana da Sinanci, na naɗa a waya, na kai wa wani ɗan Caina mai sayen farar ƙasa a Kankara. Ban gaya masa komai ba, fuskarsa na zuba wa ido. Ya saurara, ya yi dariya a wuri biyu, har ya amsa wa wayar.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce wa Inna wataƙila faɗin gaskiyar ma dabara ce, su gane mai taurin kai su kama shi ta nan. Ta dube ni ta ce, "Halin ubanka ka kwaso, shi ko Zamzam aka miƙa mashi sai ya sinsina." Daga nan ta ce na gwada kowa ban gwada kaina ba, ta ci gaba da tankaɗe.

Maganar ta zauna mini. Na sami kalma goma a waya, na haddace su ranar Litinin har ina faɗa wa Ja da Baƙi a turke. Na ajiye, ban sake dubawa ba sai Alhamis. Huɗu suka rage, Baba. Huɗu. A dokarka, ni ne irin da ake mayarwa.

Na wuni ban ci abinci ba. Ina zaune gindin randar sai na tuna shekarar da muka bar gonar daji saboda tashin hankali, rumbunmu ya ƙone. Irin da ya rage mana ɗan geron da kawu ya aiko ne daga Sabuwa. Ka yi masa tsumma, huɗu suka fito. Na ɗauka za ka mayar. Sai ka daɗe kana kallonsa, ka ce, "Ba mu da wani. A ninka zubi, a yi sammako." Muka riƙa zuba ninki a kowane rami, muka bi da ƙorau muna cike gurabe har sau biyu. Wannan geron muka ci har kaka ta zagayo.

Ni ma ba ni da wani kan sai wannan. Na rubuta wa malamar na ce shekara biyu zan yi, ba ɗaya ba. Kuɗin makaranta kai tsaye zan tura wa jami'ar, bayan takardar shiga ta zo na kai an duba hatiminta, babu hannun ejan. Har yanzu ban gama yarda da su ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji.

Gobe zan kora shanun zuwa kasuwar Sheme. Na wanke su da kaina, na ba su harawar da ka saba ware musu. Baƙi har yanzu in an yi tari a zaure sai ya ɗaga kai ya duba ko kai ne. Ka yafe mini, Baba. Inna ta ce tsumman naka yana nan a bayan randa, ta wanke ta sa mini a jaka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba shanunka mai saye mai tausayi, Ya sa huɗun nan su ishe ni.

Ɗanka da ya gaji zarginka,
Lawal