Na Hana Gyara, Baba Zai Ƙwace Rumfa

Gwaggo Fanta, don Allah ki agaza mini, ruwa na shirin ƙare wa ɗan kada.

Ni ɗan Batsari ne, ina da digiri na biyu a fannin kasuwanci, MBA ɗin nan da ake ji. Na yi shi ne don a ƙara mini matsayi a kamfanin da nake aiki, sai suka taya ni murna kawai, kujerata tana nan inda take. Na yi zuciya na ajiye aikin. Duk inda na nema kuma sai a tambaye ni me na taɓa juyawa da hannuna. Ji wulaƙanci!

Da zama ya yi yawa, Baba ya ba ni rumfarsa ta hatsi. Gwaggo, ɓarnar da na tarar sai wanda ya gani. A cika tiya ta yi tozo, sannan a damƙo gero a ƙara, wai gyara. Na soke shi. Na sayo rula ina share bakin tiya. Na kuma taƙaita gaisuwa, don tana cin lokaci.

Yanzu matan Wagini sun daina tsayawa. Masu a-kori-kura daga Safana, abokan cinikin Baba tun ina goye, sai su ɗaga mini hannu su wuce. Har suna suka sa mini, Mai Rula. Baba ya rantse in ranar kasuwa mai zuwa ta tashi haka, zai ba ƙanena Salmanu makullin rumfar. Ƙanena fa! Wallahi abin na cina. Ta yaya zan wayar da kan mutanen nan?

Mai Masta, Batsari

Ɗana Mai Masta,

Sannu da ƙoƙari. Ba kowa ne zai kori cinikin da ubansa ya tara tun yana saurayi ba, kuma da rula ɗaya.

Ka yi gaskiya a wuri guda: an ɓata maka. Mutum ya sha karatu a ce masa Allah ya sanya alheri kawai, da zafi. Karatunka kuma ba banza ba ne. Amma ajiye aiki kafin ka sami wani, wannan ba kamfani ne ya yi maka ba.

Matar da ta taso daga Wagini a bayan babur, da irin fargabar hanyar nan, ba geronka ne ya fi na kowa ba. Ta zo ne wurin da ake tambayarta mutan gida, a cika mata hannu. Gyaran da ka soke shi ne tallar Babanku, ku kuka ba ta dogon suna a makaranta.

In ilimin na ƙaiƙayinka, ga inda zai yi aiki: yaushe za a sayi hatsi, yaya za a adana wake kada ƙwari su cinye. Ka riƙe rumfar ta yi albarka, ka ga ka sami amsar masu tambayar me ka taɓa juyawa.

Tun kafin ranar kasuwa ka je Safana ka durƙusa ka gaida dattawan nan, gaisuwa har da ta jikoki. Ran kasuwa ka cika tiya, ka buɗe hannu. In kuwa hannun ya ƙi buɗuwa, kar ka jira a ƙwata, kai wa Salmanu makullin da kanka, ka roƙe shi ya ɗauke ka aiki. Amma ka shirya, shi ma zai tambaye ka me ka taɓa juyawa.

Allah ya ba da kasuwa, ɗana.

Gwaggo Fanta