Gurbin Gangar Bachir

Utaiƙa, Riyad

Aminina Bachir,

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya, da Safiatou da yara. Ka gaishe da Inna, ka ce mata ina cin abinci sosai.

Ni lafiya lau. Har yanzu tumatir nake saukewa a kasuwa. Yatsuna sun ɗan tsattsage, kaɗa jita yakan ba ni wuya, amma ba komai.

Ran Juma'a na gama kundina na tara, waƙa goma sha huɗu, duka da waya na ɗauke su a ɗaki. Na saka a intanet, mutum bakwai suka saurara. Abokin ɗakina ɗan Bangaladash ya ce da Larabci, "Kwayyis," wato ya yi kyau, alhali ba ya jin Hausa.

Na ji ka shiga wata ƙungiyar kiɗan biki a Zinder. Allah ya sa albarka, ban ji haushi ba. Sai dai har yau kowace waƙa ina barin gurbin da gangarka za ta shigo.

Na turo maka waƙa uku. Ko tebur ne ka buga a kansu, ka ɗauka ka maido mini, in ji kamar akwai mutum a bayana.

Naka,
Maulud