Mai Abincin Da Ba Ta Cin Girkinta

Sharada, Kano.

Zuwa ga Yayata Saudat,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara, ya ƙara rufa muku asiri a ƙasar mutane. Mu nan kowa lafiya. Inna tana Panshekara, ƙafar ta yi sauƙi, har ta koma faɗanta na kullum. Na zaɓi rubutu ne domin a waya ba kya bari in kai ƙarshen zance sai kin tambaye ni ko na sha magani. To, na sha.

Wata bakwai ke nan da aka yi mini aikin rage tumbi a wajenku can Alkahira, kuma ban manta yadda kika riƙa ba ni romo da ƙaramin cokali kina harara ta ba. Sukari ya sauka, likita ya dakatar da allurar, na daina salla a kan kujera. Kilo talatin da takwas sun tafi, sun bar ni da fata tana reto a damatsa, gashi kuma yana bin mataji. Tela ya rage mini riguna sau biyu, ya ce a karo na uku yadi zan ba shi kyauta. Cokali huɗu ke ƙosar da ni, ni Aina'u da kika sani da malmala uku.

Abin da ban faɗa miki ba shi ne saura kaɗan in rasa rumfata. Kin san shekara goma sha tara ina sayar da abinci a ƙofar kamfanin roba, kuma kin san ɗabi'ata: in an fito hutun ƙarfe ɗaya, nakan zuba nawa in zauna a kan benci muna ci ana raha. Da na dawo sai na ce wa kowa ziyara na je. Kunya ta hana ni gaya wa maza cewa ƙiba ce ta kai ni aka yanka, ga tsoron a ce na raina halittar Allah. Na riƙa ɓuya bayan labule ina cin ɗan abin da zan ci. Ashe ido na kaina. Benci ya fara raguwa, yau mutum uku su janye, gobe biyar, har ya zama ina komawa gida da rabin tukunyar shinkafa. Musbahu, wani mai kula da inji da ya shekara tara yana ci a wajena, ya koma wucewa ta tsallaken titi yana duba waya kamar an aiko masa saƙo. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, Yaya, na yi kuka ban gaya wa kowa ba.

Malam Uba mai gadi ne ya fasa mini ƙwan. Ya jira kowa ya watse, ya zo ya tsaya yana kame-kame, sannan ya ce in yi haƙuri da abin da zai faɗa. Ya ce magana biyu ke yawo a cikin kamfani. Wasu na cewa mugun ciwo na ɗauko, shi ya sa nake zubewa. Wasu kuma na cewa mai abincin da ta daina cin girkinta a gaban mutane, to akwai abin da take barbaɗawa na jawo kasuwa. Na ce masa in da maganin kasuwa nake zubawa ai da ya ga kasuwar. Bai yi dariya ba. Ya ce shi ya yarda da ni, amma shiruna ne ke ciyar da zancen.

Kwana biyu ina juya abin a raina. Ranar Laraba da aka busa hutu, na jawo kujera bakin titi, na buɗe tukunya a gaban kowa, na ɗebi wake da miya a ɗan faranti na zauna. Na kira waɗanda ke wucewa da sunayensu, har da Musbahu. Na gaya musu komai: yadda sukari ya fara taɓa mini ido, yadda likita ya ce in ba a yi aikin ba ƙoda ce za ta biyo baya, da yadda aka rage tumbin ya koma kamar ayaba. Na ce kunya ce ta sa na ɓoye, su yafe mini. Daga nan na ci cokali huɗuna a hankali, ina tauna kowanne kamar tsohuwa marar haƙori, suna tsaye suna kallo. Wani ya tambaya ko yanzu ba na jin yunwa, na ce ina ji, sai dai wurin zubawar ne babu. Nan aka yi dariya, mutum shida suka zauna. Musbahu dai ya sunkuyar da kai ya wuce.

Tun daga ranar, a bainar jama'a nake cin abincina, kuma bencin yana ta cika sannu a hankali. Jiya tukunya ta ƙare ƙarƙaf kafin ƙarfe biyu, sai da na juya zan zuba nawa na ga ko ƙanzo ban rage ba. Na zauna hannu rabbana ina yi wa kaina dariya. Sai ga Musbahu, wanda ban ma lura Binta mai taya ni ta zuba masa ba, ya taso daga ƙarshen benci ya ajiye farantinsa a gabana. Ya miƙo mini cokali, ya ce in ci huɗuna tukuna, shi zai ƙarasa sauran. Na ci, ya ɗauki farantin ya cinye tas a gaban kowa.

Ki gaishe mini da Malam, ki ce ina godiya da ɗawainiyar da ya yi da ni. Ki shafa mini kan Maryam da Sagir. Inna tana gaishe ku, ƙawarki Mas'uda ma ta ce kada in manta da ita. Allah ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwar har kullum,
Aina'u.